Kumburin Jijiyoyin Ƙafa da Hanyoyin Maganinsa

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu, gama su ne mutanen karkara su kan kai wa kuka in wani abu ya dame su, kuma maganarsu ce dagatai da masu unguwa ke ɗauka su kai lungu-lungu. Abin da za a yi bayani a kai shi ne jijiyoyin nan da kan taso a ƙwauri da sha-raɓa, su kumbura, su murɗe kamar igiyar da aka yar a ƙasa. Larabawa suna kiran cutar dawali. Ba ta cika kisa ba, don haka a ke raina ta. Amma ita ce tushen wani irin gyambo da kan hana magidanci noma shekara da shekaru, kuma in aka tsaga jijiyar da aska, jinin da zai zuba ya isa ya kai mutum kabari.

Yadda jini ke komowa daga ƙafa

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa da dama, har da agara da jijiyoyin da ke kai ji da motsi. A nan jijiyoyin jini kaɗai a ke nufi, su kuwa iri biyu ne. Akwai masu ɗauko jini daga zuciya su rarraba shi cikin jiki, su ne masu harbawa in an ɗora yatsa a wuyan hannu. Akwai kuma masu mayar da shi zuciya, waɗannan ba su harbawa, bangonsu kuma siriri ne. Su ne ke kumbura.

Saukar jini zuwa ƙafa ba wuya, zuciya na tura shi, nauyinsa kuma na jan sa ƙasa. Hawowa ita ce aiki. Abu biyu ke taimakonsa. Na farko tsokar sha-raɓa: duk takun da mutum ya yi, sai ta matse manyan jijiyoyin da ke binne a cikinta, ta zuga jinin sama kamar yadda maƙeri ke matsa zugazugi. Na biyu waɗansu 'yan ƙyamare ne da ke jere a cikin jijiyar, suna buɗewa jini ya wuce sama, su rufe in ya nemi komowa. Duk mai keke ya san bawul, wanda ke barin iska ta shiga taya ya hana ta fita. To, aikinsu ke nan. Wani malamin likitanci a Paduwa ta ƙasar Italiya, Fabricius, shi ya buga bayaninsu a 1603, almajirinsa William Harvey na Ingila kuma ya kafa hujja da su a 1628 cewa jini kewaya jiki ya ke yi.

Likitoci sun auna nauyin jinin da ke kan idon sawu. In mutum ya tsaya cik, ya kan kai wajen 90 a ma'aunin da a ke gwada hawan jini da shi. In ya yi taku kamar 10, sai ya sauko ƙasa da 30. Wanda ƙyamarensa suka lalace kuwa, ko ya yi tafiya nauyin ba ya sauka sosai, domin abin da tsoka ta tura sama yana sulalowa ƙasa. Jijiyar da ke ƙarƙashin fata ba ta da tsoka da za ta tallafe ta, sai ta buɗe, ta ƙara tsawo, ta rasa wurin miƙewa, ta murɗe. Buɗewar kuma ta sa ƙyauren da ke ƙasa ya kasa haɗa baki, shi ma ya lalace. Haka abin ke bin ƙafa sannu a hankali.

Mafi yawa ɓarnar tana cikin doguwar jijiyar da ta taso daga gaban idon sawu na ciki, ta bi gefen ƙwauri da cinya har gindin cinya, inda ta shiga babbar jijiya ta can ciki. Ita ce jijiya mafi tsawo a jikin ɗan Adam. Akwai ƙanwarta da ke bin bayan sha-raɓa ta nutse a bayan gwiwa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wajen kashi 9 cikin 10 na jinin ƙafa ta jijiyoyin ciki ya ke komawa. Wannan shi ne amsar tambayar da kusan kowane majinyaci ke yi, watau in an toshe jijiyar ko an cire ta, ta ina jini zai bi. Jijiyar da ƙyamarenta suka mutu ba ta kai jini sama, komo da shi ta ke yi, rufe ta sauƙi ne ga sauran.

Waɗanda ta fi kamawa

Gado ne kan gaba. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ita ya fi kusa da samunta. Sai shekaru, da ƙiba, da yawan haihuwa, da aikin da ke tsayar da mutum wuri ɗaya tun safe har la'asar, irin na dogari a ƙofar fada, da ɗan sanda, da mahauci, da mai tireda, da malamin makaranta a gaban allo. Zama ma in ya yi tsawo, ƙafafu a rataye, bai fi tsayuwa ba, magatakarda da direbobin manyan motoci su lura. Manomi da makiyayi sun fi samun sauƙi don kullum suna cikin taku. Tela mai keken ƙafa ma haka, yana ɗinki yana zuga jininsa bai sani ba.

A kan ce cutar mata ce. Wani bincike da aka yi a birnin Edinbara na Sikotland, aka buga a 1999, ya sami jijiyoyin a maza 40 cikin 100, mata kuwa 32 cikin 100. Mata dai sun fi zuwa asibiti da ita. Denis Burkitt, likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Uganda, ya rubuta a 1972 cewa cutar ba ta da yawa a ƙauyukan Afirka in an gwada da Turai. Ya ɗora dalilin a kan abinci mai dusa, wanda ke sa ba a yunƙuri wajen bayan gida. Ba a tabbatar da wannan dalili nasa ba, amma abin lura ne cewa zaman birni, da aikin tebur, da hawa mota maimakon tafiya ƙasa, duk sun yaɗu ƙwarai tun daga lokacin da ya yi rubutun.

Mai ciki tana da nata dalili. Jininta yana ƙaruwa, jijiyoyinta suna saki, mahaifa kuma tana danne manyan hanyoyin jini na ƙugu. Jijiyoyin da suka fito da ciki sau da yawa su kan ragu da kansu cikin wata 3 bayan haihuwa, don haka likitoci ba su yi wa mai ciki allura ko fiɗa saboda su, sai in wata larura mai tsanani ta taso. Safa da ɗaga ƙafa a kan ba ta, a jira.

Ba kowane kumburin ƙafa ba ne

A nan ne magatakarda mai hankali zai fi amfani, gama kumburin ƙafa iri-iri ne, waɗansu kuwa ba su jira. Dawali ya kan zo da nauyin ƙafa da tsami, su tsananta da yamma, su lafa in an kwanta. Jijiyar tana bayyana in an tsaya, ta lotsa in an ɗaga ƙafar sama.

In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, sha-raɓa ta yi tauri da zafi, to, mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiyar ciki. Wannan ya kan sami mai jego, da wanda ya daɗe kwance, da wanda ya yi doguwar tafiya a zaune. Guda na iya ɓallewa ya tafi huhu ya kashe mutum nan take. Kada a yi masa tausa, a kai shi asibiti a ranar, balle in numfashi ya fara yi masa wuya ko ƙirji na suka. In ƙafafu biyu ne suka kumbura tare, ga haki, mutum ba ya iya kwanciya sai ya jingina, zuciya ko ƙoda a ke tuhuma. Mai cikin da fuskarta da hannayenta suka kumbura, kanta na ciwo, tana bakin jijjiga, ita ma ba a kwana da ita a gida. Tundurmi dabam ne, sauro ke kawo ƙwayarsa, ƙafa ta yi kauri gaba ɗaya, fata ta yi kaushi. Tsofaffi da suka san kurkunu su kan ga murɗaɗɗiyar jijiya su zaci tsutsa ce a ƙarƙashin fata. Ya kamata a sanar da su cewa tun 2008 ba a sake samun kurkunu a Nijeriya ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shaidar haka a 2013. Kada kowa ya yarda a huda masa ƙafa don neman tsutsa.

Maganin da ba ya bukatar wuƙa

Mafi yawan masu dawali ba su bukatar fiɗa. Wanda jijiyarsa ba ta ciwo, fatarsa kuma lafiya lau, ya iya zama da ita har tsufa. Abin da a ke so gare shi ya riƙa tafiya ƙasa kowace rana. In aiki ya tilasta masa tsayuwa, ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa. In ya sami hutu ya kwanta a tabarma ya ɗora ƙafafunsa a kan buhu ko bango, su fi ƙirjinsa tudu, kamar minti 15, sau 3 a yini. Zama a kujera da ɗora ƙafa a kan ɗan kututture bai wadatar ba, sai ƙafar ta haye zuciya. Mai ƙiba ya rage. Da hunturu fatar ƙwauri ta kan bushe ta yi ƙaiƙayi, susa kuwa ita ce ƙofar gyambo. A riƙa shafa man kaɗanya ko wani mai marar turare da dare.

Sai safa mai matsewa. Ba irin ta kasuwa ba ce, an saƙa ta ne ta fi matsewa a idon sawu, ta riƙa sassautawa zuwa gwiwa, don ta kora jini sama. A kan auna ƙafar mutum kafin a ba shi. Da asuba a ke sa ta, tun ƙafa ba ta cika ba, a cire in za a kwanta, a sake sabuwa bayan wata 3 zuwa 6 don ta kan saki. In babu safa, bandeji mai talewa ya yi, muddin malamin asibiti ya koya wa mutum naɗawa: daga gindin yatsu, a haɗa da dunduniya, har ƙasan gwiwa. Gaskiya ce da bazara sa ta azaba ce, mutane da yawa su kan jefar. Kuma ba ta gyara ƙyauren da ya mutu, tana rage ciwo da kumburi ne muddin tana jiki.

Akwai gargaɗi ɗaya mai nauyi. Tsoho, da mai ciwon sukari, da mashayin taba, mai yiwuwa ne jijiyoyin da ke kawo musu jini ƙafa sun tsuke. In aka matse irin wannan ƙafa, yatsu na iya mutuwa har a kai ga yankewa. Saboda haka likita ya kan gwada ƙarfin jini a idon sawu da na dantse tukuna. Wanda aka ɗaure wa ƙafa ya ji yatsunsa sun yi sanyi, ko sun mutu, ko zafi ya ƙaru, ya kwance nan da nan.

Ƙwayoyi da man shafawa da a ke talla a tasha da rediyo, waɗansu su kan ɗan rage nauyin ƙafa, amma babu wanda ke mayar da jijiya yadda ta ke. Wanda ya ce nasa na narkar da ita cikin mako, kuɗi ya ke nema.

Maganin asibiti

Wanda ya kamata a tura babban asibiti shi ne mai ciwon da ya hana shi aiki, da wanda fatar saman idon sawunsa ta fara duhu da tauri da ƙaiƙayi, da wanda jijiyarsa ta yi tauri kamar tsirkiya tana zafi, da wanda ta taɓa fashe masa, da mai miki a ƙasan gwiwa da ya yi mako 2 bai warke ba. A can za a duba shi yana tsaye da na'urar hoto irin wadda a ke duba cikin mata da ita. Ba ta da zafi, tana nuna inda jini ke komowa, tana kuma nuna ko jijiyoyin ciki a buɗe su ke. In na ciki sun toshe, na waje su ne hanyar da ta rage, ba a taɓa su.

Fiɗa ita ce tsohuwar hanya. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus da ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa Al-Tasrif yadda a ke zare jijiyar ta ƙananan tsagogi. Wajen 1890 Trendelenburg na Jamus ya nuna amfanin ɗaure doguwar jijiyar a cinya don a yanke wa jini hanyar komowa, a 1907 kuma Babcock na Amurka ya ƙago wayar da a ke zurawa cikinta a fizgo ta. Har yanzu a kan yi haka. A sa mutum barci ko a kashe masa rabin jiki, a yanka kaɗan a gindin cinya a ɗaure jijiyar, a zare ta zuwa gwiwa, sa'an nan a tsamo rassan da suka murɗe da ɗan ƙugiya. Cinya ta kan yi tsami da taruwar jini, mutum ya huta aiki mako 1 zuwa 3. Wani lokaci wani gefen ƙwauri ya kan mutu da ji. Aiki ne mai kyau in gwani ya yi shi, kuma ba ya bukatar na'ura mai tsada.

Hanya ta biyu allura ce. A kan ɗura wa jijiyar wani magani mai ƙona bangonta na ciki, a ɗaure ƙafar, bangon ya manne, jiki ya shanye ta a hankali. George Fegan na Dablin ya yi suna da wannan hanya a shekarun 1960. Daga baya, a shekarun 1990, aka gane cewa in an kaɗa maganin da iska ya zama kumfa, ya fi korar jini ya zauna a bango, har manyan jijiyoyi ya kan rufe. Ba a sa barci, mutum ya kan tashi ya tafi da ƙafarsa. Aibinta biyu: jijiyar ta fi saurin sake buɗewa, har a bukaci maimaitawa, kuma ta kan bar duhu a fata a kan layin jijiyar, wanda kan yi watanni kafin ya dushe, wani ma ba ya dushewa sarai.

Hanya ta uku zafi ne daga ciki. A huda jijiyar da allura kusa da gwiwa, a zura siririyar waya har gindin cinya ana kallo a na'urar hoto, a kewaye jijiyar da ruwan maganin kashe zafi, sa'an nan a riƙa janyo wayar tana ƙona bangon da hasken leza ko da wutar lantarki ta musamman. An fara wannan wajen 1999. Aikin bai cika wuce awa 1 ba, babu ɗinki, mutum ya koma aikinsa cikin 'yan kwanaki, a fiye da 9 cikin 10 kuma jijiyar ta kan rufe. A 2013 hukumar da ke tsara ƙa'idodin jiyya a Ingila ta sa wannan hanya a gaba, kumfa ta biyu, fiɗa ta uku. Akwai kuma wani irin gam da a ke liƙe jijiyar da shi, wanda Amurka ta yarda da shi a 2015. Waɗannan sababbin hanyoyi suna da tsada, ba kowane asibiti ke da kayansu ba. Kada wanda aka ce za a yi wa fiɗa ya ga an rage shi da wani abu. Bayan shekaru sakamakon fiɗa da na zafi kusan ɗaya ne, bambancin yana ga saurin murmurewa.

Kowace hanya aka bi, a kan umurci mutum ya riƙa tafiya tun ranar farko don kada jini ya daskare. Kuma babu wadda ke hana waɗansu jijiyoyi fitowa nan gaba, tun da halin jikin da ya kawo na farko yana nan. Gara a faɗa wa majinyaci haka tun kafin ya sayar da akuyarsa.

'Yan ƙanana masu kama da saƙar gizo

Akwai waɗansu sirara kamar zare, ja ko shuɗi, da kan bazu a cinya ko bayan gwiwa ko fuska. Sun fi fitowa fili ga mai hasken fata. Yawanci ba su da wata illa sai ta gani. Mai so a kawar masa, a kan yi masa allurar nan da 'yar siririyar allura, sau biyu ko uku. A kan kuma ƙona su da leza ta saman fata, amma baƙar fata tana shan hasken, ta iya ƙonewa ko ta bar tabo fari ko baƙi, sai a hannun wanda ya saba da irin wannan fata. Man bilicin, musamman mai haɗe da magungunan da ke sirantar da fata, yana fito da irin waɗannan jijiyoyi a fuska da jiki, kuma yana hana miki saurin warkewa. In sun taru a idon sawu kamar mafici, wannan kam alama ce nauyin jini ya yi yawa a ƙasa, a je a duba.

Gyambo da zubar jini

Nauyin jinin da ya shekara yana danne fatar ƙasan ƙwauri ya kan sa ta yi baƙi, ta yi tauri, ta rasa ƙarfi. Daga nan ɗan tuntuɓe ko kaushin kara ya isa ya buɗe miki, galibi a saman idon sawu na ciki, mai faɗi, marar zurfi, mai yawan ruwa. Irin wannan miki ba ya jin magani ko na wane iri ne muddin ba a sauke nauyin da ke bayansa ba. Maganinsa wanki da tafasasshen ruwa da ya huce, da rufewa da ƙyalle mai tsabta, da naɗin bandeji mai ƙarfi wanda ma'aikacin lafiya ke sakewa kamar mako-mako, da ɗaga ƙafa, da tafiya. Da haka da yawa su kan warke cikin wata 3 zuwa 6. Wani gwaji da aka yi a Ingila da majinyata 450, aka buga a 2018, ya nuna in an rufe jijiyar da wuri tare da naɗin, rabinsu sun warke cikin kwana 56. Waɗanda aka jinkirta wa kuwa sai da suka kai kwana 82. Bayan warkewa tilas a ci gaba da sa safa, in ba haka ba ya kan dawo.

Toka, da ƙasa, da kashin shanu, da ruwan batir, da garin kafso da a ke barbaɗawa, duk ɓata miki su ke yi, ƙasa da kashin dabba kuma suna ɗauke da tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta kulle haƙora. Ba kowane gyambo ne na jijiya ba, akwai na sikila, da na ciwon sukari, da na tsukewar hanyar jini, kowanne da nasa magani. Wanda ya shekara da shekaru, bakinsa ya fara tudu yana tsiro, a gaggauta nuna wa likita, domin tsohon gyambo na iya rikiɗa ya zama sankara.

In jijiya ta fashe, jini ya kan yi tsartuwa har mutane su ruɗe. Abin yi kaɗan ne, kuma yaro ma ya iya. A kwantar da mutum ƙasa, a ɗaga ƙafar sama sosai, a danna wurin da tsumma mai tsabta, a riƙe minti 10 ba tare da ɗagawa a leƙa ba, sa'an nan a naɗe a kai shi asibiti. Kada a bar shi tsaye ko zaune ƙafa a cikin kwano. Kada kuma a ɗaure cinya ko ƙwauri da igiya a sama da wurin, gama hakan ya kan tare hanyar komawa alhali jini na ci gaba da sauka, zubar ta ƙaru.

Abin da a ke roƙon hakimai

Wanzamai mutane ne masu daraja a gari, jama'a sun amince da su, kuma sau da yawa wurinsu mai kumburin ƙafa ke fara zuwa, a ce mataccen jini ne a fitar. Jinin da ke cikin jijiyar ba matacce ba ne, duhunsa halin duk jinin da ke komawa zuciya ne, in an zubar kuwa jijiyar ta sake cika kafin mutum ya miƙe. Ƙaho ko tsaga a kan fatar da ta riga ta raunana shi ne mafarin gyambo da yawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya kyautu hakimi ya kira Sarkin Aska da mutanensa, tare da ma'aikacin lafiya na gunduma, a yi magana cikin girmamawa, a roƙe su in sun ga irin wannan ƙafa su ajiye aska su tura mai ita asibiti. Umurni daga sama ba tare da an ji ta bakinsu ba ba ya daɗewa.

A fada ma akwai abin gyara. Dogarin da jijiyoyinsa suka fito a riƙa sauya shi, ko a ba shi aike maimakon tsaron ƙofa. Magatakarda ya riƙa tashi daga tebur kowace awa ya ɗan zaga.

Ɗakin shan magani na ƙauye ya iya wanke miki da naɗi. Hoto da fiɗa sai babban asibiti, ko asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Jos. In magatakarda zai rubuta wa mutum takardar tafiya, ya sa shekarunsa da sana'arsa, da tsawon lokacin da abin ya yi, da ko ƙafa ɗaya ce ko biyu, da ko yana da ciwon sukari ko sikila, in mace ce ko tana da ciki ko jego, da ko an taɓa yi masa ƙaho ko tsaga a wurin. A gaya masa ya tafi da wando mai faɗi da zai naɗu har cinya, tun da a tsaye za a duba shi, ya ɗauki duk magungunan da ya ke sha ya nuna. In tafiyar mai nisa ce, ya nemi wurin da zai miƙe ƙafa a mota, duk inda aka tsaya kuma ya sauko ya ɗan taka.